Ƙwaryar Da Ba Ta Riƙe Ruwa

A duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da mai duba makarantu ya ɗaga wata baƙar ƙwarya a gaban ɗalibanmu, ya leƙa ta cikin hudarta, ya tambaya wa ya ɓata kayan makaranta. Ni ne hedimasta a lokacin, ina tsaye a bayansa, hannuwana a baya. Kun ce in rubuta muku wani abu daga aikinmu na da, ku malaman yanzu. To wannan zan rubuta, domin har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

A tsakiyar shekarun 1950 ne, kafin a ba mu mulkin kai. Makarantarmu elementare ce a wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, ba sai na faɗi sunansa ba. Ɗakuna biyu ne na ƙasa, aji ɗaya da biyu a ɗaki guda, uku da huɗu a ɗayan. Malamai mu biyu ne. Ni ban yi wani dogon karatu ba, elementare na gama, na ɗan taɓa midil, aka ba ni horon malanta, aka ce in je in riƙe makaranta. Abokin aikina sunansa Malam Sabo, mutumin Gagarawa, ɗan gyartai, wato ubansa mai ɗinke fasassun ƙore ne. Na girme shi da 'yan shekaru. Shi malamin gwaji ne.

Bari in bayyana wannan, don yanzu babu shi. Malamin gwaji yaro ne da ya gama makaranta, a ba shi aji ba tare da horo ba, a zuba masa ido. Mai duba makarantu, wanda yake zagayawa daga Gumel, shi zai zo ya ga aikinsa. In ya faɗi alheri a kansa, a tura shi horo ya dawo cikakken malami. In ya ce bai dace ba, a sallame shi, kuma babu inda zai kai kuka. Malam Sabo yana shekararsa ta ƙarshe ta gwaji, ziyara ɗaya ta rage masa. Bai daɗe da aure ba, kuma duk danginsu shi kaɗai ya taɓa sa farar riga ya tsaya gaban allo.

Shi ke ɗaukar aji uku da huɗu a zane da aikin hannu. Yadda ake zane a lokacin kuwa, malami zai zana tulu ko ganye a babban allo, yara su kwafa. Wanda nasa ya fi kama da na malam shi ya ci. Ni kaina haka aka koya mini, tulu ɗaya na yi ta zanawa tun ina aji ɗaya har na zama malami, ko hannunsa ban taɓa sauya wa gefe ba. Aikin hannu kuma igiya ne da tabarma da faifai, sai ƙawata ƙwarya, don muna shuka duma a jikin dangar gonar makaranta.

Bayan girbi sai motar majigi ta zo Sule Tankarkar, muka kai yara kallo. Ana cikin nunawa fim ya tsinke. Mai majigin ya yanke inda ya lalace ya yar, ya liƙa, ya ci gaba. Kowa ya koma kallo, Malam Sabo kuwa ya sunkuya ya tsinci guntun nan ya sa aljihu.

Kashegari da hantsi ya tsaya a bakin ƙofar aji ya ɗaga shi ga rana, yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Suka ce hoto ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, wani mutum ne da fartanya. Ya ce su sake dubawa. Akwai wata yarinya a aji huɗu, Delu, ɗaya daga cikin 'yan matan da ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba a makarantar. Ita ta ce ba ɗaya ba ne, fartanyar tana ɗan ɗagawa daga wannan hoto zuwa wancan. Daga nan suka gane cewa mutumin da suka ga yana noma jiya bai taɓa motsi ba, hotuna ne tsayayyu suke wucewa da sauri. Sai wani ya tambaya ko su ma za su iya sa zanensu ya yi motsi.

Ina ɗaya ɗakin, na ji da kunnena Malam Sabo ya ce musu bai sani ba, amma a gwada.

Da aka tashi na kira shi gefe. Na ce masa malami ba ya cewa bai sani ba a gaban yara, girmansa zubewa yake yi. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, in na ce na sani, suka ce in nuna musu fa? Ai gara in zube da kaina da a ka da ni."

Na ƙyale shi, don na ɗauka kwana biyu za su gaji. Ba su gaji ba. Da farko a faifai suka liƙa zane suna juyawa, ba a ganin komai sai dishi-dishi. Suka koma ƙwarya mai zurfi, don cikinta fari ne yana karɓar tawada. Malam Sabo ya huda gindinta, ya zura wayar ƙafar keke, ya kafa wayar a dunƙulen yumɓu, ƙwarya tana juyawa a kai kamar mazari. Har yanzu zanen cakuɗewa yake yi. Makonni suna wannan fama. Wanda ya warware musu kuwa Tanko ne, wani yaro da kullum shi ne na ƙarshe a jarrabawa. Ya ce shi ya lura, in mutum yana gudu a gefen dangar kara yana ganin tsakar gida sarai ta tsakanin karan, ko dai a tsattsaga ƙwaryar a riƙa leƙe ta nan?

Malam Sabo ya ce, "Madalla, Tanko. Amma kafin mu tsaga, gaya mana dangar gidan wa kake yi wa wannan gudun."

Aji ya ɗauki dariya har na leƙo in ga lafiya.

Aka kawo wuƙar gyartai ta uban Malam Sabo, aka yanka 'yan tsagogi a tsaye kewaye da bakin ƙwarya. Sai aka ga in tsagogin ba su yi daidai da juna ba hoton tsalle yake yi. Don haka dole a auna. Su zagaya bakin ƙwarya da kaba, su ninka ta biyu, su sake ninkawa, su sa alama a kowane ninki. Yaran da na sha wahala da su a kan rabawa a lissafi, sai ga su suna gardama a kan yadda za a raba kewaye gida-gida ba tare da saura ba. Daga baya suka gano in bayan ƙwaryar baƙi ne hoton ya fi fitowa, suka bi ta da baƙin tukunya.

Delu ta ce ita daka za ta zana. Uwarta ta same ni a bakin rijiya tana ƙorafi, wai ko lafiyar 'yarta ƙalau, ta zauna ta ƙura mata ido tana daka kamar ba ta taɓa ganin turmi ba, ba ta ko kama mata taɓarya. Ashe yarinyar tana lura ne da inda gwiwar hannu take in taɓarya ta tashi, da yadda baya yake lanƙwasa in ta sauka.

Ranar da ta gama, Malam Sabo ya aiko a kira ni. Ya ce in durƙusa in sa idona daidai tsagogin. Ya murza ƙwaryar. Sai ga mace, 'yar mitsitsiya, baƙar tawada ce kawai ko fuska babu, tana daka. Ta ɗaga taɓarya, ta cilla ta sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke a turmi, ta sake. Na san tawada ce, na ga lokacin da ake zana ta, amma sai da na miƙe na leƙa ta sama don in tabbata babu wani abu a ciki. Na koma na durƙusa na ce a sake juyawa. Yara suka ce hedimasta ya ƙi tashi.

Kafin wata ya ƙare kusan kowane yaro yana da tasa. Akwai guga mai sauka rijiya, akwai jaki mai harbi, Tanko ya yi kaza tana tsattsagar tsaba. Ku sani a zamanin nan kamo yara ake yi a kawo su boko, in ka juya baya su tsere gona. Amma a watannin nan ina fitowa daga sallar asuba nake tarar da wasu a bakin aji. Na ji tsoron abin da malaman gari za su ce a kan zanen mutum. Liman da kansa ya zo, tsoho ne, ya durƙusa da ƙyar, ya kalla ya daɗe. Ya ce wannan ai ko kai ba ta da shi sosai, kuma da ma duk yaran garin nan suna da irin wannan naci a kan allonsu. Ya ce a juya masa ta jakin kafin ya tafi. Wanda muke tsoro ke nan, bai hana ba. Mu 'yan boko, masu cewa mun zo mu waye wa mutane kai, mu muka kashe abin.

Sai saƙo ya zo cewa mai duba makarantu yana tafe. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'ya'yansa mutanen kirki ne.

Akwai yadda ake shirin wannan ziyara, kowace makaranta ta san shi. A share fili, a shafe ɗakuna da farar ƙasa, a wanke tufafi, a aske kai. Sannan a horar da yara: in baƙo ya shigo a miƙe a gaishe shi, a zauna a naɗe hannu a ƙirji. Kada wanda ya yi magana sai an tambaye shi. Kada wanda ya taɓa komai. Har amsoshin tambayoyin da muka san yana yi sai mun sa an haddace. Na yi wannan horo da gaske, don ina son Malam Sabo ya wuce. A ganina makaranta mai shiru ita ce makaranta mai kyau, don haka aka gaya mana a wurin horo, kuma haka masu dubawa suke so.

Ana gobe mai duba makarantun zai shiga aji, na tura Malam Sabo ya je ya gyara masa masauki a gidan dagaci, ni kuma na tsaya jera kayan aikin hannu a kan tebur. Na naɗe igiyoyi, na jingina tabarmi, na jera faya-fayi. Da na zo kan ƙoren nan, sai na ga dunƙulen yumɓu da wayar keke sun yi kama da tarkacen wasan yara, za su ɓata tebur. Na zare su na kai ɗakin ajiya. Ƙoren kuwa na kife su a jere, babba a ƙasa ƙarama a gaba, kamar yadda kowa yake jera ƙwarya a kasuwa ko a ɗakin mace, don a baya adonta yake. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ban tsaya na tuna cewa waɗannan adonsu a ciki yake ba.

Da safe Malam Sabo ya shigo tare da baƙon, ya hangi tebur, fuskarsa ta sauya. Ya matso ya raɗa mini cewa a ɗauko wayoyin. Na ce ya bari, ba a ɗaga kaya bayan baƙo ya shigo, in an zo wurin sai a yi bayani.

Komai ya tafi daidai da farko. Ya duba salga, ya duba gona, ya sa aka yi karatu. Da ya ba da lissafin rabawa, hannuwa suka tashi har da na Tanko. Ya juyo ya ce mini bai ga aji huɗu mai rabawa kamar wannan ba a zagayen nan, ya yaba mini. Na karɓi yabon.

Sannan ya zo tebur. Ya ja igiya ya ji ƙarfinta, ya shafa tabarma. Ya ɗauki ƙwaryar da ke gaba, ta Delu ce. Baƙin tukunya ya shafi hannun farar rigarsa. Ya dubi rigar, ya dubi ƙwaryar, ya ɗaga ta ya leƙa ta wata tsaga.

"Wannan ƙwarya ce ko rariya?"

Babu wanda ya yi dariya, don na hana dariya. Ya juya cikinta ya ga zanen. Ya ce mace ɗaya aka yi ta maimaitawa, ko ido ba ta da shi, in ma kwafa ake koya musu ba a koya musu da kyau ba. Ya tambaya wa ya ba da izinin a farfasa ƙoren makaranta.

Malam Sabo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a tsaye ake kallonta ba. A yi mini izini in ɗauko abin juyawa, yana nan ɗakin ajiya, yanzun nan."

"Ban zo kallon dabo-dabo ba." Ya juyo gare ni. "Hedimasta, wannan yana cikin manhaja?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, babu shi. Amma ɗakin ajiyar nan a bayana yake, mabuɗin yana aljihuna, kuma rabawar da ya gama yabo daga cikin ƙwaryar da ke hannunsa ta fito. Ba a saba ƙara magana a kan abin da babba ya tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Ya tambayi aji mai wannan ƙwarya. Delu ta miƙe. Ya ce ta gaya masa abin da ta koya da wannan aiki. Yarinyar da za ta iya yini tana bayanin gwiwar hannu da taɓarya, sai ta dube ni. Wannan tambaya ba ta cikin waɗanda na sa su haddace. Tana jira in nuna mata ko an yarda ta yi magana. Na sunkuyar da kai. Ta yi shiru, hannunta a naɗe.

Ya ce, "Ka gani ko? Ita kanta ba ta san abin da ta yi ba." Ya ajiye ƙwaryar ya kaɗe hannunsa. "Ƙwaryar da ba ta riƙe ruwa, mene ne amfaninta?"

Da azahar ya hau dokinsa ya wuce makaranta ta gaba.

 Kwana kaɗan na kasa zama. Na ɗaure ƙwaryar Delu da wayarta da dunƙulen yumɓun a cikin tsumma, na hau keke zuwa Gumel. Wanda ya san hanyar nan a lokacin ya san rabinta tura keken ake yi cikin yashi. Na isa ofis aka ce in jira. Ina zaune a baranda wani akawu ya tambaye ni abin da na ƙunso. Na kwance, na kafa a ƙasa, na murza. Kafin ka ce me, akawuna da masinjoji sun bar aikinsu sun durƙusa a layi, manyan mutane da gemu, kowa yana cewa a ba shi wuri. Hayaniyar ce ta fito da mai duba makarantun.

Ga abin da ya sa har yau nake fushi. Da a ce bai taɓa gani ba, da sai in ce rashin sani ne, in ɗora laifin duka a kaina. Amma ya gani. Ya tattare rigarsa ya durƙusa kamar kowa, ya kalli matar nan tana cilla taɓarya tana tafi. Ya yi murmushi. Ya sa aka sake juyawa. Ya ce lallai abin sha'awa ne, yaron yana da basira.

Na ce to ranka ya daɗe, a taimaka a gyara maganar da aka yi a kansa.

Ya ce maganar ta riga ta wuce sama. Kuma ko da ba ta wuce ba, shi ba basira aka aiko shi dubawa ba, manhaja aka aiko shi dubawa. In kowane malamin gwaji zai riƙa koyar da abin da ya zo masa a ka, yaya za a auna makarantu da mudu ɗaya? Gobe wani zai ce shi kiɗa yake so. Ya ce malamin da bai iya bin abin da aka shimfiɗa masa ba tun yana gwaji, in ya sami horo wa zai iya da shi?

Na yi ta roƙo. Na gaya masa zancen rabawa, na gaya masa yaran da suka daina gudu. Ya ce wannan aikin hedimasta ne mai kyau, kuma ya riga ya faɗi haka a sama, in kwantar da hankalina, ni babu abin da zai taɓa ni.

Da zan tafi ina naɗe ƙwaryar, sai ya ce ko zan bar masa ita, yaransa a gida za su so ta.

Ku duba wannan magana. Abin da bai isa a koya wa 'ya'yan talakawa a aji ba, abin da aka kori mutum daga aiki a kansa, ya isa a kai wa 'ya'yansa gida. Na bar masa, ina zaton ko zai sa ya sake tunani. Ba tawa ba ce ma, ta Delu ce, ban tambaye ta ba. Da na dawo ta ce ina ƙwaryarta, na ce tana ofis. Ta ɗauka wani abin girma ne, ta yi ta murna.

Kafin damina aka sallami Malam Sabo. Ya ɗora kayansa a jaki, matarsa tana biye, suka nufi Gagarawa. Sauran ƙoren, aka ce a kawar da su kafin ziyara ta gaba, na bar yara suka kai gida. Na ji wasu iyaye sun mai da su murfin akurki.

Kafin a aiko wani malami ni na riƙe darasin zane. Na ce a raina zan ci gaba da abin ko a ɓoye ne. Na shiga aji na raba tawada, na ce yau kowa ya zana abin da ya ga dama, duk abin da ya gani yana motsi a hanyarsa ta zuwa makaranta. Na koma na zauna. Da na ɗaga kai, babu wanda ya taɓa alƙalami. Dukansu sun naɗe hannu a ƙirji suna kallon babban allo, har Tanko, har Delu. Sun ga abin da ya sami wanda ya yi nasa. Na jira, suka jira. Daga ƙarshe na miƙe na zana musu tulu, suka sunkuya suka kwafa. Tulun ya yi kyau ƙwarai, a ziyara ta gaba aka yaba mana.

Bayan shekaru masu yawa, na riga na yi furfura, na je kasuwar Maigatari sayen rago. A layin masu ƙore na ga wani dattijo yana zaune cikin masakai da ludaya, yana ɗinkin wata fasasshiya. Shi ya fara gane ni. Ya miƙe ya ce, "Malam hedimasta, ashe rai kan ga rai." Ya shimfiɗa mini buhu, ya aika aka kawo fura. Muka yi gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi Tanko, na ce yana tuƙin babbar mota. Ya tambayi Delu, na ce tana ƙasar Damagaram da jikoki. Ya ce sana'ar gidansu ya koma, kuma alhamdu lillahi ta rufa masa asiri.

Na dubi ƙorensa, an yi musu zane mai kyau a baya, duk a kife a jere. Na ce, "Malam Sabo, ko ɗaya ba ka ƙara tsagawa ba? Ko don jikoki?"

Ya ɗauki wata ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, kamar yadda ake nuna wa mai saye cewa lafiyayya ce. Ya ce, "Haba Malam. Ƙwaryar da ba ta riƙe ruwa, mene ne amfaninta?"

Da murmushi ya faɗa. Ni kuwa furar nan ban iya shanye ta ba.

Yanzu jikata tana wata babbar makaranta a Kano, wai hoto mai motsi take koyo, irin na katun da yara ke kallo. Ta zo hutu ta buɗe na'urarta tana nuna mini yadda ake zana mutum sau da yawa, kowane zane ya ɗan bambanta da na baya. Ta ce malamansu sun ce sabon fanni ne a ƙasar nan, daga waje aka kawo shi, kuma ana ta taro a kan yadda za a koyar da shi don zamani ya sauya. Na tambaye ta ko ana tura su su zauna su kalli mai daka ko mai jan ruwa. Ta ce a'a, akwai misalan da ake ba su su bi, a kansu ake ba da maki. Na ce ashe tulun yana nan, na'ura kawai aka saya masa.

Abin da na koya a wannan aiki namu, ba mugaye ne suke kashe basirar yaro ba. Mai duba makarantun nan ba mugu ba ne, ni ma ban ɗauki kaina mugu ba. Mutane ne masu son tebur ya yi kyau, masu son aji ya yi shiru, masu tsoron abin da ba a riga an ba shi suna a sama ba. Aikin ne yake horar da mu haka, kuma yana saka wa wanda ya bi. Ni an ƙara mini girma a shekarar da aka kori Malam Sabo.

Don haka ku da kuke cikin aji yau, ba na ce ku yar da manhaja ba, da ita za a auna ku. Amma ranar da ɗalibi ko ƙaramin malami ya ajiye muku wani abu baƙi, mai huda, wanda bai yi kama da komai da kuka sani ba, kada ku jera shi yadda kuka saba jerawa. Ku tambayi mai shi yadda ake kallonsa. In ya ce sai an durƙusa, ku tattare riga ku durƙusa tun yana tsaye a gabanku, ba bayan ya ɗora kayansa a jaki ba.